Likita ya ce a taho da wanda ya san shi tun yana yaro, wa ya kamata ya je?

Wata 'yar'uwa daga Garwa ta arewacin Kamaru ce ta turo tambaya. Yayanta ɗan shekara 31, tela, shi ne ɗan fari a gidansu, da ƙafarsa ya je ganin likitan ƙwaƙwalwa a Yawunde don ya jima yana zargin yana da otizim, abin da wasu ke ce wa galahanga, wato yanayin ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke magana da cuɗanya da mutane. Likita ya saurare shi ya ba shi wani randebu, wato lokacin sake ganinsa, ya ce ranar dawowa ya taho da wanda ya san shi tun yana ƙarami. Innarsu ta ce ba inda za ta a kira mata ɗa mahaukaci, baba ya ce lafiyarsa ƙalau miskilanci ne kawai. Ita kuma, da ya girme ta da shekara 8, tana tambaya me ya kawo dangi cikin maganar babban mutum mai hankalinsa, kuma ko za ta iya zuwa a madadin inna.

Toh ƙanwata sannu da ƙoƙari, Allah ya bar zumunci. Lafiyar ƙwaƙwalwa ita ce sana'ata kuma a nan arewa nake yi, bari in gaya miki yadda abin yake daga ɓangarenmu.

Likitan nan bai raina yayanki ba, aikinsa ya yi yadda ya kamata. Otizim ba a gane shi da gwajin jini, ba ya fitowa a hoton sikana ko radiyo wato hoton ƙashi, da halayyar mutum da tarihinsa ake gane shi. Littattafai biyu likitoci ke bi, DSM-5 na Amurka da ya fito a 2013, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a 2022, masu Faransanci na ce masa CIM-11, kuma duka biyun sun haɗu a kan sharaɗi ɗaya, dole alamun su kasance sun faro tun farkon ƙuruciya ko da ba a lura da su ba sai daga baya da ɗawainiyar rayuwa ta yi wa mutum yawa. Yanzu ke ki gaya min, wa zai iya ba da labarin kansa yana ɗan shekara biyu ko uku? Yayanki zai faɗi yadda yake ji a ransa fiye da kowa, hayaniyar da ke gajiyar da shi, yadda yake rasa inda hira ta dosa, amma yaushe ya fara magana, ko yana waiwayowa in an kira sunansa, ko yana nuna abu da yatsa don a gani tare da shi, wannan sai wanda ya goya shi. Matsayin dangi a nan kamar shaida ne a gaban alƙali, ka faɗi abin da idonka ya gani, hukuncin kuma na wani ne.

Kuma mu a yankin nan buƙatar wannan shaidar ta ma fi ƙarfi. Ki ɗauki maza huɗu masu shekarun yayanki, duk ba sa son taro, duk ba sa yawan magana, ki zaunar da su a benci ɗaya a lopital wato asibiti za ki rantse matsalarsu ɗaya. Na farko haka yake tun yana rarrafe. Na biyu yaro ne mai surutu da kazar-kazar har sai da sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara 7 ya bar shi da raunin ji, kin san Garwa da Marwa har Njamena duk cikin yankin sanƙarau muke, ga kuma zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai da shi ma kan bar tabo. Na uku lafiya lau ya gama lakol wato makarantar boko, sai wajen shekara 20 ya fara janye jiki yana jin muryoyi, wannan wata cuta ce daban mai maganinta daban. Na huɗu baƙin ciki ne ya danne shi, ko tiramadol. Abin da zai raba su shi ne amsar tambaya ɗaya, tun yaushe, kuma in an yi kuskure a nan sai ka ga an ɗora wa mai otizim ƙwayoyi masu nauyi na shekaru ba gaira ba dalili, ko a bar mai buƙatar magani ba magani.

Sai batun wa zai je. Da na ga kin rubuta ɗan fari ne sai na ce toh ga inda gizo ke saƙar. Likitan da ya yi karatu a Yawunde ko Faransa in ya ce a kawo mahaifi ko mahaifiya, a ransa uwa ce ta reni ɗanta daga haihuwa har girma. Mu kuwa kin san kunyar ɗan fari, uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, da an yaye shi sau da yawa kaka ce ko goggo ke ɗauke shi, wani sai ya isa kaciya ko shiga lakol yake dawowa gida, maƙwabtanmu Fulani ma haka suke ko fiye. Irin wannan uwar ki zaunar da ita gaban baƙon namiji yana tambayarta yadda take wasa da ɗanta na fari, wallahi lafiya lau kawai za ta yi ta cewa har a tashi, ba ƙarya take ba, kunya ce, wani abin ma ba ta gani ba don ba a hannunta yake ba. Don haka kafin ku yi ta fama da inna ki bincika tukuna, wa ya yaye shi, a ɗakin wa yake kwana yana ɗan shekara huɗu zuwa biyar? Na ambaci waɗannan shekarun ne don babbar takardar tambayoyin da ake wa iyaye, ADI-R, mai tambayoyi 93 da kan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, da yawan tambayoyinta a kan wannan tsakanin suke, lokacin ne alamun suka fi fitowa fili. Duk wadda ta riƙe shi a lokacin ita ce shaidar farko ko da a takarda ba ita ce uwa ba.

Baba kuma, ba raini ba, yawancin iyaye maza suna kasuwa ko gona a shekarun da ake magana, yaro yana cikin gida wajen mata. Ya fi sanin abin da ya biyo bayan shekara 7, zuwa masallaci, zaman shago, wannan ma yana da amfani amma a layi na biyu yake. Malamin allo in yana raye, ko ɗan baffa da suka tashi tare, su ma sun ga abin da manya ba su gani ba, wato yadda yake a tsakiyar sa'anninsa in ba babba a wurin.

A ce goggo ce ta riƙe shi, tana Marwa kuma ta tsufa, ba sai an wahalar da ita da mota har Ngawundere sannan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde ba. Yayanki ya tambayi likitan ko zai yarda a kira ta a waya ranar randebu, ko a ɗauki muryarta a WhatsApp tana ba da labari. Likitoci da yawa na karɓar haka.

Yanzu abin da ya fi komai a wurina, me shaidar za ta faɗa. Mutanenmu in ka tambaye su halin yaro hukunci suke ba ka, miskili ne, salihi ne, taurin kai gare shi, ai yaron kirki ne ba ruwansa da kowa. Duk wannan ba ya yi wa likita aikin komai, labari yake so, rana kaza ya yi kaza. Na taɓa zama da wata dattijuwa a kan jikanta da ya riga ya zama magidanci, na ce Hajiya yana wasa da yara kuwa yana ƙarami, ta ce sosai ma kullum yana waje da su. Da na tsaya nan da na rubuta ba matsala. Sai na ce wane irin wasa, ta yi shiru ta ɗan yi dariya ta ce ai su suna langa da ɓuya shi kuma yana gindin bango yana jera murafen kwalba, ja da ja, kore da kore, in wani yaro ya taɓa ɗaya sai kuka har ya shiɗe, ta ce har buhu ta ɗinka masa na murafen don a zauna lafiya. Na ce in yana son ruwa fa, ta ce ba ya cewa komai, hannuna yake kamawa ya ja ni har bakin randa ya ɗora hannun nawa a kan murfin ko kallona ba ya yi. Kin ga waɗannan biyun, jera abu da jan hannun babba kamar kayan aiki, suna cikin abubuwan da ake nema, kuma ita a wurinta ba ciwo ba ne, labarin ban dariya ne na jikanta.

Irin su za ku tono. Ko ya yi jinkirin magana, ko ya fara ya daina. Ko yana maimaita abin da aka ce masa maimakon ya amsa, ka ce kana son kunu ya ce kana son kunu, ko ya haddace sanarwar rediyo yana ta zuba ta ba a tambaye shi ba. Ko yana kawo abu ya nuna don a taya shi murna. In wani na kuka yana matsowa ko bai ma san ana yi ba. Ya taɓa yin wasan kwaikwayo irin na yara, ni ne direba kai ne fasinja? Yana kaɗa hannu ko jujjuya jiki ko tafiya a kan yatsu? Sai ɓangaren ji da taɓi da mutane ke mantawa, toshe kunne in an tada injin niƙa, ƙin sabuwar shadda mai sitati ranar sallah, yaƙi duk ranar aski, tuwo sai da miya iri ɗaya kuma a kwano ɗaya, tashin hankali in an canza hanyar zuwa makaranta. Ba sai duk sun taru a mutum ɗaya ba, kuma guda ɗaya shi kaɗai ba ya nufin komai, yara da yawa ba sa son aski.

Akwai tambayar da nake so ku yi hattara da ita, ta kallon ido. Takardun nan a Ingila da Amurka aka tsara su, inda yaron da ba ya kallon babba ido cikin ido ake ganin da sake. Mu kuwa sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, wanda ya ƙura wa babansa ido shi ake ce wa mara kunya. In likita ya tambaya, a amsa masa da yadda yake da ƙannensa da abokan wasa, da yadda yake yana jariri a cinya ana yi masa wasa, yana kallo yana mayar da murmushi ko a'a. Haka ma tashi da harsuna uku, Hausa a gida Fulatanci a unguwa Faransanci a lakol, ba ya kawo otizim, kar a bari a rufe maganar da wannan.

Shekaru kuma kar a ƙirƙira. Tsofaffinmu ba sa lissafi da wata goma sha takwas ko ashirin da huɗu, amma ki tambayi goggo ya fara magana kafin yaye ko bayan yaye, kafin a haifi mai bi masa ko bayan, kafin kaciya ko bayan, za ta ba ki amsa tsaf. Ki rubuta haka ɗin, likita ya san yadda zai juya shi. In ba ta tuna ba ta ce ban tuna ba, ya fi a cike gurbi da zato. Ki duba akwatin inna ko akwai karne wato katin awo da rigakafi, da bilten wato takardar sakamakon firamare tun daga SIL da CP, azuzuwa biyu na farko, wani lokacin layi ɗaya da malami ya rubuta da jan biro, ba ya shiga cikin yara ko kullum hankalinsa na wani wuri, ya fi hirar awa guda. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2012 kan manya masu otizim ta ambaci wannan, a sako ɗan'uwa ko miji ko mata in da hali, ko a duba takardu irin su rahoton makaranta. Ki lura da in da hali ɗin, wanda iyayensa suka rasu ko suka ƙi zuwa ba a korarsa, ana yin binciken da abin da ya samu, sai dai likita zai fi jan lokaci kafin ya yanke.

Kuma don Allah kar a ɓoye zuwa wajen malam. Kusan kowane gida an yi rubutu an yi ruƙiyya, wasu sun je har wajen masu bori, sai a zo gabanmu a yi shiru don tsoron faɗa. Ni in aka ce min an kai shi wajen malam yana ɗan shekara uku don ba ya magana ana zargin iska, an ba ni kwanan wata da dalili a lokaci guda, ai taimako ne.

Mu dawo kan inna. Ƙin da ta yi ba taurin kai ba ne kawai, tsoro ne kashi biyu, kar a ce ɗanta mahaukaci ne maganar ta fita ta shafi aurenku ku mata, kuma kar a ce laifinta ne. Na biyun ma Turawa sun riga mu yi, a shekarun 1950 da 1960 manyan likitocinsu sun yi ta cewa uwa mara nuna ƙauna ce ke jawo shi, aka ɓata wa mata rai a banza kafin bincike ya rushe maganar. Abin da aka tabbatar yanzu gado ne ya fi rinjaye, wani babban bincike na 2019 a kan yara sama da miliyan 2 a ƙasashe biyar ya kiyasta rabon gado da kusan kashi 80 cikin 100. Ba kunyar ɗan fari ba ce ta jawo, ba yaye da wuri ba, ba kuma allurar rigakafi ba, takardar 1998 da ta tada wannan ƙurar mujallar Lancet da ta buga ta da kanta ta janye ta a 2010. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim, kin ga ba gidanku kaɗai ba ne. Ki samu wadda inna ke jin maganarta, yayarta ko aminiyarta, a ce mata ba ɗaure shi za a yi ba ba allura za a yi masa ba, labarin ƙuruciyarsa kawai ake so kuma abin da aka faɗa a ɗakin likita sirri ne. In ta ce a'a har yanzu, a ƙyale ta, shaidar da aka jawo da ƙarfi ba ta faɗin komai.

Batun gadon nan yana da wani ɓangare da ke ba ni dariya wani lokaci. Ka tambayi uba ko ɗansa na da wani hali daban, ya ce ina, ai ni ma haka nake ba na son hayaniya, kawunsa ma shekara talatin kujera ɗaya hanya ɗaya. A gidan da halin ya yi yawa ba a ganinsa a matsayin komai. In baba ya faɗi haka kar ki yi masa gardama, ki dai tabbatar likita ya ji, don ana tambayar tarihin dangi dama.

Mata ma, tunda masu karatu na da yawa, su aka fi tsallakewa. An daɗe ana cewa cikin masu otizim maza huɗu ne mace ɗaya, binciken baya-bayan nan ya nuna ya fi kusa da uku da ɗaya, wato akwai matan da ba a ƙirga ba. Yarinya shiru-shiru mai zaman ɗaki yabonta ake yi mai kunya ce, ta koyi kwaikwayon gaisuwa da dariyar mutane, sai an kai ta gidan miji ga dangin miji ga biki ga suna kullum, nan abin ke fashewa a ce aljanu ne.

Ke kuma naki aikin, ba za ki maye gurbin goggo ba tunda yana ɗan shekara huɗu ba a haife ki ba, amma kina da biyu. Na ɗaya ke ce shaidar yau, yadda yake a shago in mai kaya ya canza ɗinki a ƙurarren lokaci, yadda yake bayan an watse daga biki, ko sai ya kulle kansa kwana guda, barcinsa, cin abincinsa, ko yana ɗaukar zolaya a matsayin gaske, har da abin da ya fi kowa iyawa, don shi ma ana tambaya. In yana da mata ita ta fi ki sanin wannan. Na biyu tafinta, in goggo Hausa ko Fulatanci kawai take ji likita kuma Faransanci. A nan ki riƙe amana, abin da ta ce shi za ki juya, kar ki gyara don ya yi daɗi kar ki ƙara gishiri don likita ya yarda. Wasu dangin na rage labari don kare sunan gida, wasu na zuzutawa don neman katin naƙasa da dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanada, duka biyun wanda ake yi wa binciken suke cuta. In goggo ta ce kaza baba ya ce akasin haka a kai wa likita duka, mun saba.

Duk wannan fa sai da yardar yayanki. Babba ne, shi ya kai kansa, shi ke zaɓen wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba, kuma in ya ce kar a kira wane to kar a kira, wataƙila akwai dukan da ya sha a hannunsa yana yaro da bai manta ba. Ki tambaye shi ko yana so ya zauna lokacin da ake ba da labarin ƙuruciyarsa ko ya fita, wasu abin na yi musu ciwo, wasu kuma a nan suke fara fahimtar kansu. In likita na yi masa tambaya ya yi shiru yana tunani kar ki amsa masa, shirun da yadda yake neman kalma duk ana lura da su, akwai ma gwajin da ake ce wa ADOS-2 na minti 40 zuwa 60 da babba ke yi shi da mai gwaji kawai. Ba kowane likita ke da waɗannan kayan a hannu ba, hira mai zurfi da aka yi a natse tana bin sawu ɗaya. 'Yan tambayoyin intanet irin AQ-10 kuwa ƙofa kawai suke nunawa, ba sa yanke komai.

Sakamakon nasa ne, shi zai ce wa za a gaya wa, kar ya ji shi a bakin 'yan unguwa. Zai iya fitowa otizim, zai iya fitowa wani abu daban kamar tsananin fargabar mutane ko baƙin ciki, ko duka a haɗe. In otizim ne babu ƙwayar da ke cire shi, duk mai sayar muku da ita kuɗinku yake so, magani na abubuwan da kan raka shi ne kamar rashin barci, fargaba ko farfaɗiya. Abin da gida zai canza ƙanana ne, a sanar da shi baƙi kafin su zo, a daina tilasta masa zaman biki tun safe har dare, a yi masa magana kai tsaye ba habaici.

Ki fara da shi yau, ki ce Yaya ka yarda in kira goggo? In ya amince ki sayi ɗan littafi, ki kira ta bayan isha'i lokacin da ta natsu, kar ki ce mata maganar likita ce da farko, ki ce goggo ba ni labarin Yaya yana ƙarami, ki bar ta ta zuba ke kina rubutawa, sai daga baya ki bi da tambayoyin yaye da wasa da aski, sannan ki gaya mata dalili ki nemi izininta kafin ki kai wa likita.